Mai Fenti da Shafin Gidan Nas

Ban taɓa ɗaukar littattafan hotuna na yara da muhimmanci ba, musamman irin waɗanda ake cewa suna nuna wa yaro yadda wasu mutane suke rayuwa. A inda na yi karatu na gan su birjik a shaguna, baƙi da fari kowa na murmushi, amma babu fuska ɗaya da za ka ce ka taɓa haɗuwa da mai ita a hanya. Na dawo gida da ra'ayin cewa irin wannan littafi ba ya faranta wa kowa, ba ya kuma ɓata wa kowa. Sai na kama haya a benen da Mai Fenti yake, na ji labarin nasa littafin, wanda ya sa maƙwabciyarsa ta daina gaishe shi.

Shagon Mai Fenti yana ƙarƙashin matakalar benen, wani ɗan lungu da sai ka sunkuya kake shiga. Gwangwanayen madara cike da buroshi, warin kananzir, alluna jingine da bango suna jiran masu su. Tun yana saurayi wannan ce sana'arsa: allon shago, lambar gida, bayan motar kaya. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya, har matarsa ta rasu ya rage daga shi sai Auta, wadda take koyar da ƙananan yara a makarantar bayan layi.

Yana da wata ɗabi'a a aiki da kowa ya san shi da ita. Ba ya iya zana fuska daga kai. Idan ka ce ya ƙirƙiro mutum, sai ya tasa allo gaba har fenti ya bushe a buroshi. Sai ya ga mutum da idonsa hannunsa yake motsi. Saboda haka mutanen layin duk suna kan alluna. Mai kurɓar shayi a allon mai shayi, mai gyaran famfo ne. Matar da ke taka keke a allon tela, ƙanwar marigayiya ce. Ba wanda ya taɓa jin haushi, wasu ma har baƙi suke kawowa su nuna musu. Wanda ya fi kowa shan zane shi ne mai aski, abokinsa na shekara da shekaru, don shagonsa na kallon nasa, ga shi idan babu mai zuwa aski sai ya zauna ƙyam kamar an dasa shi. Shi da kansa yakan ce fuskarsa ta fi shi sanin gari.

Maganar littafi daga Auta ta fito. Ta lura yaran ajinta kowa da yaren da ake yi a gidansu, amma da an shigo aji sai su ɓoye shi kamar abin kunya. Littattafan da ke cikin kabad ɗin makaranta kuwa duk na nesa ne. Sai ta ce me zai hana a yi na benensu, tunda gida shida ne a ciki, yare biyar. Kowane shafi gida ɗaya, iyali zaune suna cin abinci, a ƙasa a rubuta yadda ake cewa uwa, uba da 'ya'ya a yarensu. Ta bi ƙofa ƙofa ta tattaro kalmomin, ta ce wa babanta zane kuma nasa ne.

Ya sha wuya kafin hannunsa ya saba. Mutumin da ya saba da harafin da za a hango daga tsallaken titi, yau an ce ya sa mutum biyar a takardar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya fere buroshi da reza har ya koma kamar tsinke. Amma da ya kama, ya kama. Ya zana gidan direba da firijinsu mai hannu ɗaure da waya. Ya zana gidan tela da ƙyallaye ko'ina har kan fanka. Wanda duk ya leƙo sai ya yi dariya ya ce wallahi haka gidan yake.

Sai aka zo kan gidan Nas, na can sama. Nas ta tare a benen da mahaifiyarta da 'ya'yanta mata biyu. Mijinta ya rasu tun kafin su zo, babu wanda ya taɓa ganinsa, ko hotonsa ba ta rataya ba. Mace ce mai ƙarancin magana, amma ita ce duk ƙarshen mako take sauko wa Mai Fenti da abin awon jini, ta auna shi, ta yi masa faɗan gishiri kamar ita ta haife shi. Ya zana ta, ya zana yaran, sai kujerar uba ta tsaya fanko, ga kuma kalmar uba tana jira a ƙasa. Ya tambayi Auta, tana tsakiyar duba takardun jarrabawa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce ya zana kowa mana, uba ai uba ne.

Ya yi tunanin ya hau ya roƙi hoton marigayin, sai ya ga kamar zai fama mata ciwo. Ya ɗaga kai, ga mai aski can zaune yana kallon titi. Hannu ya motsa. Ya ƙara masa hula da tabarau, ya ja baya ya duba, ya gamsu cewa ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Tsohuwar Nas kuwa bai sa ta ba sam, tunda babu kalmarta a shafin. Auta ta kwashi zanen cikin gaggawa ta kai wa mai ɗab'i.

Yara ba su ɗauki lokaci ba. Ranar da aka raba littafin, tun kafin malama ta gama buɗe nata, aji ya kaure da cewa ga mai aski a gidan Nas. Hula ta rufe kai, tabarau ya rufe ido, amma Mai Fenti ya bar wushiryar nan da kunnen nan na hagu da ya karkata waje, don hannunsa ba ya iya yi wa fuska ƙarya. Kafin a tashi, ƙaramar 'yar Nas ta koma 'yar mai aski. Washegari ta ƙi zuwa makaranta. A layi kuwa, da yake mai aski ya daɗe babu mata, masu zuwa aski suka shiga kiransa ango suna tambayar me ya sa ba a gayyace su ba. Shi kuma maimakon ya tsawatar, sai ya riƙa gyara wuyan riga yana cewa shi dai a littafi ya gani kamar kowa.

Nas ta sauko da kayan aikinta a jiki, ta sunkuya ta shiga shagon, ta ajiye littafin a buɗe a kan teburi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, mu nawa ne a gidana?"

Ya ce su huɗu.

"To ga huɗu nan a zane. Ina mahaifiyata?"

Ya fara bayanin kalmomi uku da ke ƙasan shafi, da yadda ya ji nauyin roƙon hoto. Ta bari ya gama.

"Ka duba gidana ka ga bai cika ba, ka cire wadda take dafa abincin da ke kan teburin nan, ka ɗauko min namiji daga titi. Da ka tambaye ni."

Ta fita ta bar littafin. Daga ranar ta daina gaishe shi. Ba gaba ta ɗauka ta zagi ko habaici ba, wucewa kawai take yi ta gaban shagon kamar babu kowa a ciki. Wannan ya fi masa zafi a kan duk abin da za ta iya faɗa. Mutumin da benen gaba ɗaya ke kira Baba, ya koma idan ya ji takunta a matakala sai ya duƙufa wankin buroshin da ya riga ya wanke.

Auta ta ce laifinta ne, ita ta yanka wa kowane gida riga iri ɗaya. Shawararta a bi littattafan da reza a cire shafin. Mai Fenti ya ƙi. Ya ce na farko, gidan tela ne a bayan shafin, su me suka yi. Na biyu, idan aka cire, an fitar da Nas daga benen ke nan gaba ɗaya, an gyara ɓarna da wadda ta fi ta. Ya ce rabin rayuwarsa a shafe allo ya yi ta, shago ya canja hannu a kawo masa ya rufe tsohon suna ya ɗora sabo. Abin da ya iya ke nan, shi zai yi.

Aka tattaro littattafan daga makaranta da gidaje, ɗari da 'yan kai. Saura fuskar tsohuwa, wadda ciwon gwiwa ya hana saukowa, shi kuma bai taɓa ƙare mata kallo ba. Auta ta ce ya hau lokacin da Nas take asibiti. Ya ce a'a, bayan idonta aka yi na farko. Ya jira ranar hutunta, ya hau yana hutawa a kowane hawa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi daga bakin ƙofa. Nas ta dube shi, ta koma ciki, amma ta bar ƙofar a buɗe.

Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, sai jikarta, wadda aka tsokana ɗin, ta zama tafinta. Tsohuwa ta sa aka ɗauko mata ɗankwalinta na fita. Ta ce kada ya zana ta baki buɗe kamar mai kwaɗayi. Ta ce kuma a gaya masa ta ga mutumin da ya ba 'yarta, ko a zane ma bai iya zaɓe ba. Yarinyar ta fassara tana ƙunshe dariya, karo na farko tun da abin ya faru. Kafin ya sauko, tsohuwar ta maimaita masa yadda ake cewa kaka a yarensu har ya riƙe.

Fentin mai ya ƙi takardar, yana ratsawa ta baya ya ɓata gidan tela. Ya koma na ruwa mai kauri. Sai ya fara shafe mai aski da fari, ya bari ya bushe, sannan ya ɗora tsohuwa, ya rufe kalmar uba ya rubuta ta kaka da hannu. Kafaɗun mai aski faffaɗa ne, don haka dole ya yafa wa tsohuwar ƙaton mayafi, ta fito ta fi yadda take jiki. Wurin shanya ya yi ƙaranci, aka jera littattafai a buɗe a gefen matakala tun daga ƙasa har sama, masu hawa suna raɓe bango. Mai aski yakan tsallako ya tsaya yana kallon yadda ake shafe shi, ya ce shi bai taɓa ganin inda aka kori mutum sau ɗari daga gida ɗaya ba.

Aikin hannu ne, babu biyu da suka zo ɗaya. Wadda ya yi da safe da ƙarfinsa tana fara'a, wadda ya yi bayan bayansa ya ƙage ta ɗaure fuska. Da littattafan suka koma aji, yara suka shiga gwada nasu da na juna, ana musun wacce ce kakar gaskiya, kuma mutum ɗaya ce za ta iya raba gardamar. Yarinyar ta koma makaranta ta zama alƙaliya. Cikin 'yan kwanaki rabin ajin ya iya cewa kaka a yarensu, wasu har suna ɗaga kai su ƙwala wa tsohuwar kira ta taga.

Gaisuwar Nas ta dawo a hankali, ta fara da ɗaga hannu, daga baya ta koma ina kwana Baba kamar da. Maganar shafin dai ba su sake yin ta ba.

Wata rana ina zaune a bakin shagonsa yana rubuta lambar gida, na tambaye shi ko ta taɓa buɗe baki ta ce ta yafe masa.

"Ba ta ce ba," in ji shi, bai daina aikin ba. "Amma ta zo ta karɓi littafi biyu ta aika wa 'yan'uwanta. Ta daɗe tana zaɓe. Ta ɗauki waɗanda tsohuwar ta fi ɗaure fuska, ta ce su suka fi kama."