Bargunan Janaretan Toktosun

Toktosun maƙwabcina ne a garinmu Kochkor, maƙwabcina ne kuma a kan dutse, inda muke hawa da dabbobi idan zafi ya shigo. Kowa a makiyayar nan tanti yake kafawa, shi kuwa a cikin bas yake kwana. Direba ne tun yana saurayi, yana jigilar mutane tsakanin garinmu da Naryn, har kamfanin motocin ya mutu. Wasu suka fita da tayoyi, wasu da kujerun ofis, shi ya fita da bas ɗinsa sukutum. Ya cire kujeru, ya kafa gado a baya, ya sa murhu ya huda wa hayaƙi hanya ta rufi, matarsa Burulkan ta rataya labule a kowace taga. Sitiyari da kujerar direba kawai ya bari, don da bas ɗin suke hawa dutse, da ita suke sauka. Tun aurensu ba su taɓa cin lokacin zafi a rabe ba.

Ubansa mai dawaki ne, kuma abin da uban ya koya masa a kan doki shi yake yi wa duk wani abu mai motsi. A wajenmu idan doki ya yi gudu ya yi gumi, ba a barin iska ta buge shi, lulluɓe shi ake yi da bargo. To, haka Toktosun yake yi wa bas. Da sun iso sai ya shafa mata goshi, ya rufe mata gaba. Ita bas a kashe take, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Sai likita ya ce Burulkan tana da ciwon suga, allura kullum, kuma maganin ba ya son zafi. Toktosun ya ce rafin kan dutse ya fi kowane firji sanyi. Bara suka sa maganin a kwalba suka jiƙa a rafin, aka yi ruwan sama mai ƙarfi, rafi ya tafi da kwalbar. Da labari ya kai kunnen 'yarsu Jipara, wadda ke aure a birnin Bishkek, sai bana ta aiko da ƙaramin firji da janareta mai shan dizal, da saƙo a bayansu. A wajenmu uba Ata ake ce masa, uwa kuma Apa.

"Ata, zan zo tsakiyar zafi in sa hannuna a cikin firjin nan. In na ji babu sanyi, da Apa zan sauko, ta zauna a wurina. Kai kuma ka zauna da motarka."

Jipara ba ta maimaita magana. Halin uwarta ta ɗauko.

Ranar farko janareta ya tashi garau. Ƙwan lantarki ya haska, firji ya kama gurnani. Toktosun ya kai hannu jikin injin, ya ji zafi rau, ya dubi iskar da ke saukowa daga ƙanƙarar kan duwatsu, ya girgiza kai. Ya shiga bas ya fito da bargon gashin tumaki, irin mai kaurin nan da matanmu ke dannewa da ruwan zafi, ya lulluɓe injin, ya ɗaure da igiyar sirdi. Salansar fitar hayaƙi kaɗai ya bari a waje.

Washegari ƙwan lantarki ya koma ja kamar garwashi. Firji ya yi ƙoƙarin tashi, ya yi ƙwat, ya yi shiru. Janareta kuwa yana ta aman baƙin hayaƙi.

Na leƙo daga wajen tatsar goɗiyoyina, na kira shi yadda muke kiran wanda ya girme mu, na ce, "Baike, me ya sami jaririn naka?"

"Mura ce. Ɗan birni ne, bai saba da iskar nan ba."

"A kira ungozoma?"

"Je ka tatsi dabbobinka, mai dogon baki."

Ya ƙara masa bargo na biyu.

Daga nan babu abin da bai gwada ba. Ya ce dizal ɗin da aka sayar masa a bakin hanya da ruwa a ciki, ya tace shi da ɗankwalin Burulkan. Ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Ya ce waya ce ta yi tsawo, wutar tana gajiya kafin ta iso, ya jawo injin har gindin taga, hayaƙi ya kore su waje. Ya kwance ƙwan lantarki don firji ya ci shi kaɗai, firji ya ƙi ci. Duk wanda ya zo wucewa a kan doki sai ya tsaya ya ba da shawara. Ni na ce a ba shi madarar goɗiya, ita ce ta tayar da kakana. Wani ya ce a kira makanike daga gari, Toktosun ya ce shi da ya tsufa a gaban inji ba zai tsaya wani mai wando matsattse ya laluba masa kaya ba. Duk wanda ya kai hannu wajen igiyar sirdin kuwa, sai ya sha tsawa.

Magani ya koma rafi, wannan karon an ɗaure kwalbar a jikin dutse. Na dai ga Burulkan ta fito da tsohon akwatinta na tafiya ta shanya a rana. Toktosun ma ya gani. Ranar bai ci abinci ba, ya zauna gaban injin yana kallonsa, can ya tashi ya ɗauko bargo na uku, wanda suke shimfiɗa wa baƙi.

Jipara ta zo da hantsi, kuma ba ita kaɗai ba. Iyayen mijinta suka biyo ta, wai su sha iskar dutse. Surukai a wajenmu ba a zaunar da su a kan ciyawa, ko da kai za ka kwana a kan ƙasa. Toktosun ya rungumi surukin, ya gaida surukar, ya ja rago bayan bas, ya kira ni in riƙe masa ƙafafu. Burulkan ta shiga neman abin shimfiɗa, ta tarar duk bargunan kirki suna kan inji. Muna cikin fiɗa muka ji muryarta.

"Baban Jipara, zan ɗauki barguna."

"Kar ki taɓa shi, tsohuwa! Gumi yake yi!"

"To zo ka gaya wa surukanka su tsuguna kamar kaji."

Hannunsa duk jini, wuƙa a haƙori. Ya dube ni, na dubi rago.

Ta kwance igiya ta yaye bargunan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasan ma har ya fara ƙonewa, ta juya wurin ƙunar ya kalli ciyawa. Janareta ya yi tari biyu, ya tofar da wani dunƙulen hayaƙi, sai muryarsa ta washe. Ashe inda yake shaƙar iska ne aka toshe masa tun ranar farko. Iskar kan dutse da ma ba ta da kauri, mu kanmu haki muke yi, balle wanda aka danne wa hanci da barguna uku. Daga cikin bas muka ji firji ya ɗauki gurnani bai tsaya ba.

Na ce, "Baike, jaririn ya warke."

"Ganin baƙi ne. Yana da kunya, ba kamar wasu ba."

Naman rago ba ya dahuwa da gaggawa. Aka sha shayi, aka ci burodi da kirim, aka sha madarar goɗiya, aka sake shan shayi. A tsakanin nan Burulkan ta zagaya rafi da bokiti kamar mai ɗibar ruwa, ta dawo da kwalba a ƙarƙashin mayafi. Aka ajiye wa suruki kan rago a gabansa, aka ci, aka yi addu'a. Rana ta karkata kafin Jipara ta tashi ta shiga bas. Toktosun ya bi ta da ido, shayi yana zuba a gwiwarsa bai sani ba.

Ta daɗe. Da ta fito tana murza yatsu ta ce, "Da sanyi. Amma me ya sa kwalbar take da yashi a gindi?"

Burulkan ta ce, "Sha shayinki ya huce."

Jipara ta dubi uwar, ta dubi uban, ta zauna.

Da baƙi suka tashi tafiya, Toktosun ya fara zagaye shimfiɗa, yana jira a ɗaga ƙafa ya kwashe kayansa. Amma ba a sallamar surukai hannu wofi. Burulkan ta naɗe bargunan nan uku a gaban kowa, ta ɗaure da igiyar sirdin, ta miƙa wa surukar da hannu biyu.

"Aikin hannuna ne. Ɗayan ya ɗan sha wuta, ki yi haƙuri."

Surukar ta yi ta godiya. Toktosun da kansa ya ɗauki ƙunshin ya sa a bayan mota, yana murmushi kamar mai ciwon haƙori. Abin da aka ba suruki ba ya dawowa, ko a mafarki.

Akwati ya koma ƙarƙashin gado. Sun zauna a kan dutse har ƙanƙarar farko ta sauko, muka gangaro tare, ni da dabbobi a gaba, bas tana bin mu a hankali. Har yau Toktosun bai yarda bargo ne ya shaƙe injin ba. Ya ce ciwon ne ya yi kwanakinsa ya fita. Yanzu tsohuwar hularsa yake ɗora masa a ka, ya danne da dutse don kar iska ta ɗauke. Burulkan ta duba ta ga hular ba ta kai hancin ba, ta ƙyale shi.