Gonar Datti ta Hawa na Tara

Maƙwabcina Datti mutumin Gwaram ne, amma in ka gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati, nan ƙasar masu Malayanci, da laima da jakar goyo, sai ka rantse a nan aka binne cibiyarsa. Gwamnati ce ta turo shi ƙarin karatun shari'a, ɓangaren filaye da gonaki. Ni kuwa kilishi da yaji nake sayar wa ɗalibai, ƙofata tana kallon tasa a hawa na tara. Dogo ne, mai sanyin magana, ko shayi zai saya a wurin mamak, wato mai shayin unguwa, sai ya gindaya sharuɗɗa. Ya zo da amaryarsa Sakinatu, ga shi zai koma da digiri na uku da 'ya 'yar firamare. Filin da ya mallaka a duniya kuwa, in ka cire tukunyar na'ana'ar da ke barandarsa, babu.

Duk Asabar ƙananan ɗalibai 'yan gida sukan cika falonsa ya yi musu bita. Ya ce a littattafan Turawa akwai wata gonar ƙarya, wai ita Baƙar Eka, da ita ake buga misali: wane ya sayar, wane ya jinginar, wane ya mutu ya bar rigima. Sunan ya ƙi zama a kan yaranmu, sai ya ƙirƙiro tasa, Gonar Tsamiya. Da farko fili ne fetal. Darasin hanya ya kawo mata burtali, darasin ruwa ya haƙa mata rijiya. Da aka zo kan ɓarnar dabbobi sai ga jaki, Ɗan Duna, mai tsallake shinge ya cinye dawar wani Malam Yusha'u. Ni duk ina ji ta taga. An sayar da gonar nan, an ba da aronta, an raba ta gado ya fi a ƙirga, amma ko fartanya ba ta taɓa gani ba.

In mun haɗu a lif sai in ce, "Sarkin noma, ya damina?"

"Iro, don Allah ka shafa min lafiya."

"Zakkar bana fa? Ko dami ɗaya ban gani ba."

Sai ya gyara tabarau ya kalli sama.

'Yarsa Ihsan a nan aka haife ta. Tana jin Hausa, amma da Malayanci take mayar maka. Ranar da aka ce mata bayan Sallah za a koma Najeriya, ta ce tak boleh, ba inda za ta. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce a bar ta gidan ƙawarta. Ana nan, kwatsam kuka ya tsaya. Yarinya ta fara haɗa kaya da kanta, har tana lanƙwasa harshe tana Hausa. Datti ya ce addu'a ce ta ci.

Sakinatu ce ta gano bakin zaren, da ta tsinci buroshin wanke takalmi a jakar yarinyar.

"Na Ɗan Duna ne," in ji Ihsan. "Zan riƙa taje shi. Kuma ba ya jin Malayanci, shi ya sa nake koyon Hausa."

Ashe duk Asabar tana ƙarƙashin teburin cin abinci da fensiran kalarta, tana kwashe komai. Har 'yan ajinsu ta gaya wa cewa babanta yana da rijiya.

Datti ya zo ƙofata fuska ba jini. Na ce abu mai sauƙi, ka sa yayanka Munzali ya ari gona da jaki na mako guda. Ya ce wannan zamba ce cikin aminci. Sakinatu ta leƙo ta ce, "Abban Ihsan, ka ja bakinka sai jirgi ya sauka Kano." Ya ce ɓoye aibin kaya yana ɓata ciniki. Ta ce, "To ai sai ka ɗauko ta a kafaɗa zuwa filin jirgi, Barista."

Da la'asar ya kai yarinyar wurin mamak, ya saya mata roti, wainar fulawarsu, ya ce in zo in zama shaida. Wallahi haka ya ce.

"Ihsan, gonar nan babu ita. Ni na ƙirƙira don karatu."

Ta ajiye rotin. "Jakin fa?"

"Shi ma babu."

"Amma ya ci dawar Malam Yusha'u! Kai ka ce a biya shi!"

"Malam Yusha'un ma babu shi."

"Abba, kowa babu?"

Na so in yi dariya, amma ta maƙale, don hawayen Ihsan sun riga sun zubo. Ta ce ta fasa, ba za ta garin da ba kowa ba. Can ta share hanci ta harare shi. "To me ke akwai?"

Mutumin da yake awa guda yana zagaya gonar ƙarya bai yi tuntuɓe ba, sai ga shi yana in'ina. "Akwai... akwai Inna. Akwai tsakar gida. Akwai darbejiya da muke cin tuwo a gindinta. Akwai wata akuya mai yagaggen kunne, sabulu take sata." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Rabonsa da Innar nan tun kafin a yaye Ihsan.

"Ban yarda ba. A nuna min."

Ya kira Munzali ta bidiyo. Aka bi akuya da gudu har bayan rumbu, aka kamo ta, ta buɗe baki ta zunduma kuka har masu shan shayi suka waiwayo. Sai fuskar tsohuwa ta cika wayar, tana cewa ina ƙawar tawa, me ya sa ta kuka?

Ihsan ta karɓe wayar ta kai ƙara tiryan-tiryan, da Hausarta mai ɗingishi, tun daga rijiya har jaki. Ta ƙare da cewa, "Zan zo. Amma in Abba ya faɗi abu, sai kin ce haka ne."

"Ba ni shi," in ji Inna. "Datti! Shekarun nan duk ƙarya aka tura ka koyowa?"

Dakta guda ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban mai suyar roti, waya a hannu biyu, yana cewa, "Inna, ki tsaya in yi miki bayani."