Matar da Ta Yanke Sunanta

Kafin masu fasa dutse na Mpape su tayar da injinansu, Madam Angelina ta riga ta gangaro ta hau motar cikin garin Abuja. Tana isa gidan rediyo sai ta goge tebur, ta rufe kunnuwanta da na'urar sauraro, ta buɗe kwamfuta. Muryoyin mutane su shimfiɗu a kan allo a gabanta kamar gonar doya, tudu da kwari. Sai ta ɗora linzamin kwamfutar ta shata wurin da za a cire, ta ja bakin shatar hagu kaɗan, ta saurara, ta dawo da shi dama, har tari ya fita bai tafi da kalmar da ke maƙwabtaka da shi ba.

'Yar garin Yangoji ce. Ta kama aiki a shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, lokacin da ake yanka tef da reza a liƙe. Da kwamfuta ta zo, ta koye ta ba tare da ƙorafi ba.

Malam Ilyasu ne ke gabatar da shirin tarihin birnin, ita ke tace masa. Kowane mako yakan rufe da sunayen ma'aikata, nata na ƙarshe, ya ce, “Madam, a daidaita shi da lokaci,” ya kama gabansa. Mutum ne mai son muryarsa, amma ba ya sauraron shirin a rediyo, wai ai ya san abin da ya faɗa.

Da ritayarta ta matso, ya yi niyyar tattaro wuraren da ya ambaci sunanta a sa a bikin sallama. Ya buɗe tsofaffin shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya. Duk sunaye na nan, ban da nata.

“Madam, wa ya riƙa cire sunanki?”

“Ni ne, oga.”

Ta tuna masa da Baba Enoch, dattijon da aka tayar da ƙauyensu don gina birnin. Yana ba da labari ya iso kan kabarin mahaifiyarsa da suka baro, sai ya yi shiru mai tsawo kafin ya iya ci gaba. Shirin ya zarce lokaci, aka ce ta cire shirun.

“In na cire, zai zama kamar abin bai dame shi ba,” in ji ta. “Na duba ƙarshe, na ga sunana da shirun tsawonsu ɗaya ne, sai na cire sunan. Tun daga nan, kowane sati akwai tsoho da yake bukatan numfashi.”

Ilyasu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara da shekaru yana karɓar yabo a kan yadda tsofaffi ke magana a shirinsa har ta taɓa zuciya, bai taɓa tambayar da me aka sayi wannan ba. Kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Mu ma da muke saurare, ba wanda ya lura akwai sunan da ba ya fitowa.

Ke ce, Madam Angelina, mai yanka ba jini, wadda ta bar wa tsofaffi shirunsu. Mun gode, kuma ki yafe mana jinkirin godiyar. Masu tasowa a wannan aiki, kafin ku ja shata a kan maganar wani, ku saurara tukuna kamar yadda take yi.

Ranar aikinta ta ƙarshe Ilyasu ya nemi a buɗe shirin kai tsaye. Ko sallama bai gama ba ya faɗi sunanta cikakke, da na garinsu. Tana bayan gilashi, hannunta ya kai kan linzami don sabo. Babu abin da za ta iya yankewa, Abuja ta riga ta ji.