Gwadabe Mai Injin Casa da Ciwon da Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Duk wanda ya taɓa noman masara a Maska ya san Gwadabe mai injin casa. Da kaka shi ke bin gonaki har cikin Bakori, ƙirji a waje, yana daka wa leburori tsawa. Ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki zamansa namiji a matsayin sana'a kamarsa ba. In wani ya ce kansa na ciwo, sai ya ce, "Je ka ɗaura zane."

Wata damina wani ƙullutu ya fito masa ƙarƙashin kan nono na hagu. Matarsa Rahama ta yi ta fama da shi, sai da wurin ya fara tsattsafo da jini ya yarda suka tafi asibiti a Zariya. Bayan gwaji likita ya ce sankarar mama ce.

"Likita, dube ni da kyau," in ji Gwadabe. "Gemu ne wannan."

"Na gan shi, Malam. Maza ma suna yi, ba su dai da yawa. In aka yi aiki yanzu, akwai kyakkyawan zato."

Aka tura shi layin da zai jira. Ya leƙa, ya ga mata ne zalla a kan benci, har da wata 'yar Funtuwa da ta san shi ta gaishe shi. Ko zama bai yi ba, ya juya sai tasha. A majalisa ya ce bel ɗin inji ne ya doke shi, kuma daga ranar ya koyi sa riga.

Haka ya yi ta ɓoyo har kaka ta zagayo. Ran nan yana kan babur zai shiga Funtuwa, sai ya ga motar da ke tahowa ta zama biyu. Ya kauce wa wadda babu, ya faɗa kwalbati. Kafin wata ya ƙare fatar idonsa na hagu ta sauko, ƙwayar ta turo waje. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce wa mutane ƙaiƙayi ne ya faɗa masa.

Da zafi ya hana shi sakat, suka koma. Likita ya duba hoton kai ya ce ciwon nan ne dai ya yaɗu, ya yi sheƙa a kwarmin ido. Za a gasa wurin da na'ura don ya samu sauƙi, amma lokacin warkewa ya wuce.

Rahama ta fashe da kuka. Shi kuwa gogan naka har da gyara zama.

"To yanzu ciwon ido ke nan ko? Layin masu ido zan bi?"

Abin da ya dame shi ke nan. Likita ya ƙara da cewa in ciwon ya kama namiji, wani lokaci yana bin jini, don haka ya gaya wa 'yan'uwansa mata da 'ya'yansa su zo a duba su. A mota Gwadabe ya ce wa Rahama, "Kika buɗe baki, a bakin aurenki."

Washegari Rahama ta yafa mayafi ta tafi wajen yayarsa Hansai, ta zayyana mata komai. Hansai ta kama hannun Rahama ta ɗora a ƙirjinta. Ita ma akwai ƙullutun, ɗan ƙarami kamar gyaɗa. Cikin makon aka kai ta, aka yi mata aiki.

Da labarin ya kai kunnen Gwadabe, bai saki Rahama ba, don babu mai wanke masa ciwo sai ita. Gaba ya ɗaura da ita. Tana ba shi koko a baki, yana kawar da ido ɗayan da ya rage. Da Hansai ta zo dubiya, ya ce a ce mata barci yake yi.

Ya rasu ana tsakiyar girbin dawa. Hansai tana nan da ranta, kwanan baya ma na gan ta a kasuwar Bakori tana cinikin tukunya.