Kek ɗin Mangwaro da Tayar Surukina

Tun da na aurar da ɗiyata, mijinta bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Haka na taso na tarar a gidanmu a Zurmi, haka na tafi da shi gidan aure a Shinkafi: mace mai mutunci ba ta tauna a gaban surukinta. Ko ruwa zan sha sai na juya baya. Magana ma ba ma yi kai tsaye, sai dai ta bi ta bakin ɗiyar tawa. 'Yan yanzu su yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

To, bara da zafin bazara taifot ya kwantar da ni. Suka ɗauko ni zuwa asibiti a Ƙaura, inda suke zaune. Na sha allura, na sha ƙarin ruwa, zazzaɓi ya sauka, amma bakina ya mutu. Kunu ɗaci, fura ɗaci, romon kaza ma kamar an jiƙa maɗaci a ciki. Da aka sallame ni zuwa gidansu abin ya ƙaru, don gidan ƙarami ne, ɗakin da aka sauke ni yana kallon inda maigidan yake zama. Ko cokali na taɓa sai ya ji. Na rame har zobena ya zame daga yatsa.

Na ce a mai da ni ɗakina a Shinkafi. Likita ya ce da su: "In ta ci wani abu ya zauna, ku kai ta gida. In ba ta ci ba, gadonta yana nan." Ni kuwa jikina ya ba ni, in na koma gadon nan ba da ƙafata zan fito ba.

Na matsa har surukin nawa ya yarda. Da hantsi ya sa kayana a mota, na shiga baya, ɗiyata a gaba. Kafin ya tayar, ya dubi matarsa.

"Ki faɗa wa Inna zan kama hanya. Amma in muka fita gari ba ta sa komai a ciki ba, asibiti zan juya."

"Ki faɗa masa na ji," in ji ni. "Ba kurma ba ce."

A bakin gari, kafin a miƙe hanyar Shinkafi, akwai wani gidan burodi mai akwatin gilashi a gaba. Nan ya tsaya, wai zai saya wa maƙwabtana tsaraba. Yana buɗe ƙofa wani ƙamshi ya shigo. Burodi ne, amma akwai mangwaro a bayansa, irin wanda ya nuna a bisa har ya faɗo da kansa. Sai na ji yawu ya tsinke mini, abin da na daɗe ban ji ba. Na haɗiye a hankali. Ashe ɗiyata tana kallona ta madubi. Ta fita ta bi shi.

Suka dawo da ɗan kwali. Ta buɗe ta miƙo mini baya. Wasu 'yan kek ne guda uku, kowane kamar ƙaramin kasko, an jera yankan 'ya'yan itace a kai suna ƙyalli. Ɗaya mangwaro, ɗaya abarba, ɗayan kuma wani jan abu ne da ban sani ba. Ta faɗi sunan kek ɗin da Turanci, ban riƙe ba.

"Inna, ki taɓa mana."

"Ni? Da na yi wa rabin amaren unguwarmu alkaki da nakiya? Abin kan titi zan ci, wanda ban san hannun da ya kwaɓa ba?"

"Hannun mai tsabta ne, na gan ta. Kuma tun ɗazu idonki na kan na mangwaron."

"Idona ne, in sa shi inda na so."

Gaskiya ina so. Amma ga surukina nan zaune a gabana, ƙeyarsa tana kallona. In na ci, na zubar da abin da na riƙe tun aurensu. In ban ci ba, asibiti. Rana kuma tana yi, hanyar nan yanzu ba a son bin ta da yamma, kowa ya sani.

Can sai ya yi gyaran murya.

"Kamar tayar baya tana sacewa. Bari in nemo mai faci."

Ya fita. Mai faci yana nan dab da mu, ga tayoyinsa a jibge, amma sai ya wuce shi, ya tsallaka titi, ya je can gindin wata bishiyar dogon yaro ya tsaya ya ba mu baya.

Na yi bismilla na ɗauki na mangwaron. Gefensa gurus-gurus, amma yana taɓa harshe ya narke, bai nemi haƙoran da ba ni da su ba. A ƙarƙashin mangwaron akwai wani abu mai laushi kamar kindirmon da aka dafa da ƙwai. Mangwaron kuwa sanyi ƙalau. Ɗacin nan da ya zauna mini a baki ya ja baya. Na tuna bishiyar da ke bayan gidan babanmu, yadda muke tsotsar ƙwallo har ya yi fari. Hawaye ya zo, na ce sukari ne ya yi yawa.

"Ya yi yawa ko?" in ji ɗiyata. "To kawo na abarban in cinye."

"Taɓa ki gani."

Na cinye shi, tsaminsa ya ƙara buɗe mini baki. Jan ne kawai na gutsira na bar mata, bai kai sauran ba. Na sha ruwa, muka jira. Kek ɗin ya zauna a cikina, bai taso ba. Duk wannan lokacin mutumin nan yana tsaye, inuwar ta matsa ta bar shi a rana, bai waiwayo ko sau ɗaya ba.

Saura yadda zai sani, don ni ba zan faɗa ba, na kuma hana ta faɗa. Sai na karkaɗe mayafina, na miƙa hannu na ajiye kwalin a buɗe a kan kujerarsa.

Ɗiyata ta yafato shi. Ya zo, rigarsa sharkaf da zufa. Ya ɗauke kwalin kamar wanda ya tsinci takarda a hanya, ya tura shi ƙarƙashin kujera, ya zauna.

"Tayar lafiya lau," ya ce da matarsa.

Ya tayar da mota. Na zuba wa sitiyarin ido. Bai juya ba, ya miƙe hanyar Shinkafi.

Da muka yi nisa na dubi ɗiyata.

"Ki faɗa masa, Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

"Amin, Inna," ya ce, bai jira ta isar ba.

Ranar a ɗakina na yi azahar, awakina suna kuka a tsakar gida. Da yamma na sha kunun tsamiya da ɗan dama.

Yanzu duk zuwan da zai yi Shinkafi da kwalin nan yake zuwa, na mangwaro in lokacinsa ne, in ba lokacinsa ba na abarba. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ajiye a kan tabarma, sai ya ce da matarsa zai je ya duba taya. Ni ma ban taɓa ce masa tayar sabuwa ce ba.