Haƙorin da Na Goge da Injin Garaji

Salamu alaikum ƴan fadarmu ta shayi. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a wannan zauren namu na waya ba. Na ce muku ina Malanbil wajen aiki. Ƙarya na yi. Ina nan Gaya, cikin ɗakina, ƙofa a rufe.

Kun tuna bara da moto, wato babur, ta kayar da ni a hanyar Bengu, haƙorina na gaba ya karye. A Yamai likitar haƙori ta sa mini kuron, wato rufin haƙori, na wani farin abu mai ƙarfi da suke kira zirkon. Ta ce, "Malam Idi, in ka ji yana tokarin na ƙasa, ka dawo in gyara. Kada kowa ya taɓa shi."

Ya tokara kuwa. Amma ni da na shekara ashirin ina gyaran moto, in hau mota har Yamai saboda ɗan tudun da bai kai ƙwayar gero ba? Haba! Na kafa madubin moto a kan benci, na ɗauki ƙaramin injin gugata, na goge abina har na ji ƙauri.

Wata biyar lafiya lau. Ran nan ina ɓare rake da baki, sai na ji ƙas.

Tsaga ce siririya a jikin kuron ɗin. Na ɓoye wa kowa. Abinci ya riƙa shiga, baki ya fara wari, leɓe ya kumbura har hanci. Ni da nake tsokanar kowa a fada, in zo da wannan fuska? Sai na ƙirƙiro tafiya.

Wallahi kaɗaici ya fi ciwon zafi. Da la'asar ina jiyo dariyarku daga bakin titi, ina kwance da tsumma a kumatu. Ba wanda ya leƙo, don ni na ce ba na nan. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Yayata Hadiza ce ta zo daga Yelu ba sanarwa, ta tarar zazzaɓi na kaɗa ni. Ta ce, "Kai Idi, mutuwa za ka yi don kunya?"

Ta kai ni asibiti, na kwana shida. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, aka tsaga aka matse mugunya. Likita ya ce da kumburin ya kai ido, da labari ya sha bamban. Tsoro ya kama ni sosai.

Da na koma Yamai, likitar ta duba kuron ɗin da madubi mai ƙara girma, ta ce, "Wa ya goge wannan?" Na sunkuyar da kai. Ta ce su ma suna gogewa, amma da ruwa, a hankali, sannan su sulɓe shi sumul. "Ka ga mai yankan gilas? Karce kawai yake yi, gilas ya rabe. Abin da ka yi ke nan."

Saiwar haƙorin ta riga ta ruɓe. An cire.

Alhamdu lillahi, na warke. Yaya Hadiza, Allah ya biya ki. Ma'aikatan asibiti, na gode.

Shawarata: in an sa muku kuron ya tokara, ku koma wurin wanda ya sa. Kuma in kuna ciwo, kada ku ce kun yi tafiya.

Gobe da la'asar ina nan zuwa da giɓina. Ku yi dariyarku, na yarda. Ku dai ajiye mini kofin shayina.