Goron Albishir da Na Ci a Kan Ƙarin Mahaifa

Shekarun baya, lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, na gama sakandare na tafi zama wajen yayata. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda aka dawo da su daga Kano. Ni kuwa a lokacin gani nake duk garinmu Kafin Hausa babu wadda ta kai ni sani. Ga rawar kai, ga surutu. Magana ba ta kwana a bakina.

Yayata shekararta bakwai da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sai ga ciki ya fara tasowa. Murna a wajenmu ba a magana. Amma wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, ciki yana nan ba gaba ba baya. Ga jini kuma duk wata yana zuba fiye da ƙima, ta yi fari fat, ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki. Tsofaffi suka ce ai kwanciya cikin ya yi. A wajenmu sananniyar magana ce, ciki ya kwanta shekara biyu ko uku kafin ya tashi. Mahaifiyata ta taho daga gida da ƙullin saiwoyi da rubutu a galan, wai na tayar da ciki. Adda, haka nake kiran yayata kamar yadda ake yi a gidajen Fulani, ta sha har ta gaji.

Mijinta ne ya ji labarin wani asibiti sun kawo na'urar da ke nuna abin da ke cikin ciki. Ranar yana da aiki a ofis, sai aka ce in raka ta. Ko da aka kira ta, na bi bayanta na shige ɗakin, ba wanda ya gayyace ni. Likita ya shafa mata wani abu mai yauƙi a mara, ya ɗora na'urar yana ta kallon allo. Can ya ce, "Hajiya, akwai ƙari a mahaifarki. Guda biyu ne ma, ɗaya ya fi ɗaya girma."

Jama'a, ni dai ƙaruwa na sani. Mace ta haihu, a ce an samu ƙaruwa. A kunnena ƙari da ƙaruwa duk Hausa ɗaya ce, ga shi kuma an ce biyu. Tagwaye ke nan! Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, ban ma kalli fuskar Adda ba. Na ce mata ina zuwa, na fita a guje na tare ɗan acaɓa. Duk hanya ina ce masa ya ƙara wuta.

Tun daga zaure na fara ihu. "Inna, albishirinki!"

Mahaifiyata tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal. Faɗi mana, kin cika mu da ihu."

"Ciki ya tashi, Inna! Likita ya gani da idonsa, biyu ne!"

Adda ita ce 'yar fari, kuma kun san kunyar Fulani a kan ɗan fari. Inna ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "waccan".  Don haka bakin zaninta kawai ta kwance, ta ciro goro ta miƙo min. Maƙwabta suka jiyo, suka cika gidan. Wata tana rangaɗa guɗa, wata tana lissafin wake da za a dafa na tagwaye. Ni kuwa ina tsakiya ina ƙara wa labarin gishiri, har da cewa na ga kawunansu a allo.

Ana cikin haka Adda ta yi sallama, ita kaɗai, idanunta jawur. Ta tsaya tana kallon matan ɗaya bayan ɗaya.

"Guɗar me ake yi?"

Aka nuna ni. Ta dube ni ta ce, "Ke, ƙari ya ce. Tsiro ne ya fito min a mahaifa. Babu ɗa a cikin nan, tun farko ma babu."

Goron yana bakina, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa. Mata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne Adda ba ta yi min faɗa ba. Ɗaki kawai ta shige.

Washegari muka koma tare da mijinta. A wannan karon na zauna na kama bakina. Likitan ya ɗauki takarda ya zana mahaifa, ya ce wannan abu ba ciwon daji ba ne, ba kuma jifa ba ne, mata da yawa suna da shi, wasu ma har su tsufa ba su sani ba. Nata ne dai ya yi girma yana shanye mata jini. Ya ce akwai allurar da ke sa shi ya motse, amma da an daina sai ya dawo. Ana kuma iya yin tiyata a ciro ƙarin a bar mahaifa, sai dai aikin yana cin jini, kuma wata rana wani zai iya sake fitowa. Ko kuma a cire mahaifar gaba ɗaya a huta, amma haihuwa ta ƙare ke nan.

Mijinta ya yi saurin cewa, "Ni lafiyarki nake so. A yi wanda ya fi sauƙi."

Adda ta girgiza kai. "Likita, a garinmu ba a rushe rumbu don bana ba a samu hatsi ba. Ku cire abin, ku bar min mahaifata."

Likitan ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma sai ta sa hannu a takarda cewa idan jini ya ƙi tsayawa ana cikin aiki, za su cire ta don a ceci ranta. Ta daɗe tana kallon takardar nan kafin ta sa hannu.

Wata biyu aka yi ana gina mata jini. Inna ta ajiye saiwoyinta ta koma dafa zogale da hanta, ni kuma nake bin Adda da ƙwayoyin ƙarin jini kamar mai bin kaza da tsaba. Da aka ce ana son jini a ajiye saboda ranar aiki, ni na fara miƙa hannu, ina cika baki cewa ko leda biyu ce a ɗiba. Leda ɗaya ba ta cika ba na ga ɗakin yana juyawa. Da na farfaɗo, mijin Adda ne a kaina yana min fifita da kwali yana dariya.

Da hantsi aka shiga da ita. Inna, wadda ta ce ita ba za ta zo ba, sai ga ta a bakin ƙofa da carbi. Azahar ta yi, shiru. Can likita ya fito da wani kwano, ya nuna mana ƙulluttai biyu, ɗaya kamar kan jariri, ɗaya kamar lemo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an cire, an bar mata."

Na sha gabansa. "Likita, don Allah a hankali. Me aka cire, me aka bari?"

"Ƙarin aka cire. Mahaifa tana nan."

"Mahaifar Adda?"

"To ta wa?"

Da Adda ta farka, leɓenta a bushe, ko ido ba ta gama buɗewa ba ta ce, "Tana nan?" Na ce, "Tana nan, Adda, tana nan daram!" Ban san lokacin da guɗa ta ƙwace min ba, a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Wata nas ta kamo hannuna ta fitar da ni waje, ina tafe ina rawa. A baranda na iske Inna ta juya wa mutane baya tana goge ido da gefen mayafi.

Ba nan da nan abin ya zo ba. Sai a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu Adda ta haifi ɗanta namiji, shi ma ta hanyar tiyata. Shi ke nan mata, daga shi ba ta sake ba.

Har yau idan na tuna shekara ɗaya da rabi da muka yi muna jiran ciki ya tashi, alhali jini ne ke ƙarewa a jikin baiwar Allah, sai jikina ya yi sanyi. 'Yan uwana mata, in jini ya yi yawa ko mara ta kumbura, a je a duba tun da wuri. Kuma in an zauna gaban likita, a yi tambaya har sai an gane, a faɗi abin da ake so. Da Adda ta yi shiru irin na kunya, da wani ne ya zaɓa mata.

Ƙarin ya sake dawowa kamar yadda likitan ya faɗa, lokacin yaron ya shiga jami'a. Ni na sake raka ta asibiti, na shirya tsaf zan taya ta gardama. Wata matashiyar likita ta fara jero mata hanyoyi, har da sababbi da babu su a zamaninmu. Adda ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta dafa mararta ta yi murmushi.

"'Yata, wannan karon ku cire ta. Abu ɗaya na roƙe ta, kuma ta yi min."